Nazarin Lamari: Zubar Doksorubisin a Wajen Jijiya da Jinyar Raunin da Ya Biyo Baya a Sakkwato

Magungunan kemo da ake ɗura wa masu ciwon daji ta jijiya ba ɓarnarsu ɗaya ba idan suka kauce hanya suka zuba cikin naman da ke kewaye da jijiyar. Akwai waɗanda iyakacin abin da za su jawo shi ne ɗan kumburi da zai sace cikin kwana ɗaya ko biyu, kamar saiklofosfamaid. Akwai masu sa wurin ya yi zogi jijiyar ta taurare, amma fata ta tsira. Akwai kuma masu kashe nama ɗungurungum, kuma a cikinsu babu wanda ma'aikatan jinya ke shakka kamar doksorubisin, jan maganin nan da aka fi sani da sunan Adriamycin, wanda ake yawan amfani da shi a kan sankarar mama. Rahotannin asibitoci daban-daban sun sa yawan aukuwar irin wannan zuba tsakanin kashi 0.1 zuwa kashi 6 cikin ɗari na waɗanda ake ɗura wa kemo ta jijiyar hannu. Lamarin da za a bi diddiginsa a nan ya faru ne a wani asibiti da ke cikin birnin Sakkwato, an kuma sakaya sunan maras lafiyar da na asibitin.

Matar tana da shekara 48, ta fito daga wani ƙauye a yankin Gwadabawa. An riga an cire mata maman dama tare da kaluluwar hammata, sannan aka tsara mata zagaye huɗu na doksorubisin da saiklofosfamaid, kowane mako uku, a kan ma'aunin miligiram 60 na na farko da miligiram 600 na na biyu ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Da yake faɗin jikinta murabba'in mita 1.6 ne, rabonta na doksorubisin miligiram 96 ne, wato mililita 48 a haɗin da aka saba. Ƙa'ida ce a kauce wa hannun ɓangaren da aka cire kaluluwa saboda gudun kumburin hannu, don haka tun daga farko hannun hagu kaɗai ke ɗaukar kowace allura, daga ɗibar jini har zuwa ƙarin ruwa. Zagaye biyu na farko sun wuce lafiya, sai dai sun bar manyan jijiyoyin da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu sun taurare sun yi duhu.

Ranar zagaye na uku ta faɗo a tsakiyar bazara. Ta baro gida bayan sallar asuba, kuma ta ƙi shan ruwa saboda tsoron amai a mota, har ta iso jijiyoyinta sun lafe. Yunƙurin farko na sa kanula, wato ɗan bututun roba da ake sawa cikin jijiya don ɗura magani, a tsakiyar hannu bai yi nasara ba, jijiyar ta fashe. Na biyu ya shiga, amma a bayan hannu, kusa da wuyan hannu. Wannan zaɓi yana da illa biyu. Bayan hannu wuri ne da babu nama mai kauri tsakanin fata da jijiyoyin da ke miƙe yatsu, saboda haka ko ɗan kaɗan ne ya zuba zai tarar da su. Sannan kanular tana ƙasa da inda aka huda aka kasa, ma'ana maganin da ke hawa sama yana iya bi ta wurin da aka riga aka ɓula. Abin da ya fi shi ne a fara gwaji daga ƙasa, idan an kasa a hau sama. Bayan haka hannun yana ɗauke da jan lalle har wuyan hannu saboda wani biki da aka yi a gidansu, an kuma rufe bakin kanular da filasta mai kauri wadda ba a ganin abin da ke ƙarƙashinta.

An fara tura maganin da sirinji ta gefen layin ruwan gishiri mai gudu, kamar yadda aka saba. Da aka ci kusan kashi biyu cikin uku, ma'aikaciyar jinyar ta ji sirinjin ya yi nauyi a hannunta, ta ɗaga kai ta ga ɗigon ruwan ya ragu, ta ja baya ba ta ga jini ya dawo ba. Sai ta ce, "Inna, kina jin wani abu a hannun nan?" Matar ta ce, "Shina zahi tun ɗazu, ɗiyata, na aza hakanan maganin shike."

Wannan amsa tana cikin abubuwan da suka fi muhimmanci a lamarin. Zafi ko raɗaɗi a bakin allura shi ne alamar farko a mafi yawan lokuta, kuma maras lafiya ne kaɗai ke jin sa. Amma mace irin wannan, wadda aka raina a kan cewa raki abin kunya ne, wadda kuma ta ji a bakin sauran majinyata cewa kemo azaba ne, ba za ta katse ma'aikaciya tana cikin aiki don ta ce hannunta na zafi ba. Cewa da ita sau ɗaya, "idan kin ji wani abu ki faɗa," bai wadatar ba. Sai an bayyana mata ƙarara cewa wannan magani idan yana kan hanya ba ya zafi a bakin allura, sannan a riƙa tambayarta ana kuma duba dawowar jini bayan kowane mililita biyu zuwa biyar. Haka kuma jan da littattafan jinya ke cewa a lura da shi ba ya fitowa sosai a baƙar fata, balle wadda aka yi wa lalle. Abin dogaro a nan shi ne taɓawa da yatsa, da jera hannayen biyu a kwatanta.

Da aka ɗaga filastar, aka tarar da kumburi mai tauri, tsawonsa santimita 4 faɗinsa 3, aka ƙiyasta cewa abin da ya zuba ya kai mililita uku zuwa biyar. An yi saurin kawar da zaton cewa ɗan borin nan ne da doksorubisin kan tayar a kan jijiya, domin shi wannan yana zuwa ne da ƙaiƙayi da jan layi a tsawon jijiyar, babu kumburi, jini kuma yana dawowa cikin sirinji, ya kuma lafa da kansa ba da jimawa ba. A nan akwai zafi, akwai kumburi, babu jini.

Matakan farko an bi su daidai. An tsayar da maganin da ruwan gaba ɗaya, aka cire layin amma aka bar kanular a wurinta, aka sa sabon sirinji aka zuƙo abin da ya samu, wanda bai wuce mililita ɗaya na ruwa ja-ja ba. Ba a tura ruwan gishiri don wanke kanular ba, ba a kuma matsa wurin ba, saboda duka biyun suna ƙara watsa maganin cikin nama. Sannan aka zare kanular, aka zagaye iyakar kumburin da biro, aka ɗauki hoto, aka rubuta lokaci da sunan magani da adadin da ya rage a sirinji, aka ɗora hannun a kan matashi. An dakatar da sauran maganin ranar.

Sai sanyi. Dalilin sa sanyi yana komawa ga yadda doksorubisin ke ɓarna. Idan ya shiga ƙwayar halitta yana manne wa DNA ɗinta, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halittarta, ya kashe ta, idan ta mutu ta fashe sai ya fito da ƙarfinsa ya shiga ta kusa da ita, haka zai yi ta tafiya makonni, har watanni, kamar wutar ƙaiƙayi da ke ci ta ƙarƙashi sama tana kwance lafiya. Sanyi yana tsuke ƙananan hanyoyin jini ya taƙaita yaɗuwarsa. Ana sa shi minti 15 zuwa 20, sau huɗu a rana, na kwana ɗaya zuwa biyu, kuma a bushe. A garin da zafin rana kan haura digiri 40 a wannan lokaci, wutar lantarki kuma ba tabbas, abin da aka samu shi ne ruwan leda mai ƙanƙara da ɗanta ya sayo a bakin ƙofar asibiti ya zuba a kula, ana naɗe shi da tawul kafin a ɗora don kada danshi ko tsananin sanyi ya ƙara cutar da fatar. Ya kamata a lura cewa wannan hukunci bai shafi kowane magani ba. Da binkiristin ne, wanda shi ma maganin kemo ne, ko wani daga danginsa ya zuba, ɗumi ake sawa, a kuma yi allurar wani magani mai suna hayaluronides a kewayen wurin don maganin ya bazu jiki ya kwashe shi, domin su ba sa manne wa DNA, sanyi kuma yana ƙara musu ɓarna. Shi ya sa tambayar farko kullum ita ce wane magani ne a cikin sirinjin.

Akwai makarin doksorubisin, sunansa deksrazoksen. An daɗe ana amfani da shi don kare zuciya daga illar rukunin magungunan da doksorubisin ke ciki kafin masu bincike a Denmak su nuna cewa yana hana mutuwar nama bayan zuba. A gwajin da aka buga a 2007, cikin majinyata 54 da aka tabbatar magani daga wannan rukuni ya zuba musu aka kuma ba su makarin, mutum ɗaya kacal ya buƙaci tiyata. Turai ta amince da shi don wannan aiki a 2006 da sunan Savene, Amurka kuma a 2007 da sunan Totect. Ana ɗura shi ta wata jijiya nesa da wurin zubar, kwana uku a jere: miligiram 1000 ga murabba'in mita a rana ta farko da ta biyu, 500 a ta uku, wato ga wannan mata 1600, 1600 da 800. Ana cire ƙanƙara aƙalla minti 15 kafin a fara don maganin ya isa wurin, ana kuma rage shi zuwa rabi idan ƙoda ta yi rauni. Sharaɗinsa mafi tsauri shi ne a fara cikin sa'a shida. An nema a kantin maganin asibitin babu, aka buga waya wurare da dama, sa'a shida ta cika ba a same shi ba. Ruwan DMSO mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari, wanda ake shafawa a fata kowace sa'a takwas har mako guda a bar shi ya bushe ba tare da rufewa ba, shi ne madadin da aka sani idan babu makarin, kuma ba a haɗa su biyun. Shi ma bai samu ba. Wani ya kawo shawarar a yi allurar haidrokotizon a wurin, aka ƙi, kuma ƙin ya yi daidai, domin ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin daji da ma'aikatan jinyar daji na Turai, wato ESMO da EONS, suka fitar a 2012 ba su goyi bayan wannan ba.

Hanya ɗaya ta rage a ranar, wato likitan tiyata ya kashe zafin wurin, ya yi 'yan ƙananan tsaga a kewayen kumburin, ya riƙa tura ruwan gishiri ƙarƙashin fata yana fitowa ta tsagar har a wanke abin da za a iya wankewa. An tattauna, aka bar ta saboda kumburin bai yi girma ba kuma fatar ba ta sauya ba. A ganina wannan ne matakin da ya fi cancantar a sake dubawa. Gaskiya ne cewa hujjar wannan hanya ba ta kai ta makarin ƙarfi ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na irin wannan zuba ke kai wa ga gyambo. Amma kyawun fata a ranar farko ba ya nuna komai game da doksorubisin, kuma idan aka haɗa cewa wurin bayan hannu ne, adadin ya kai mililita uku ko fiye, makari babu, kuma wannan ne hannu ɗaya mai lafiya da matar ke da shi, sai hujjar yin wankin ta rinjayi ta barinsa.

Ta kwana biyu a asibiti, kumburin ya ragu, zafin ya yi sauƙi da farasitamol. A rana ta uku iyalin suka nemi sallama saboda kuɗin gado da aikin gida, aka sallame ta a kan ta dawo bayan kwana biyu. Ba ta dawo ba sai rana ta goma sha biyu. Tun da hannun ya yi kamar ya warke, ba su ga dalilin sake biyan kuɗin mota ba. Da zogi ya dawo a ƙarshen makon farko, yayarta ta yi abin da kowace uwa ta sani game da kumburi, ta gasa hannun da ruwan zafi safe da yamma ta shafa man zafi. Ba adalci ba ne a ɗora gyambon a kan gashin, tun da maganin ya riga ya kama nama tun ranar farko, ko da yake zafi da murza ba su da alheri ga irin wannan rauni. Giɓin yana cikin bayanin sallama, inda aka faɗi abin da za a yi ba a ambaci abin da aka hana ba. A wannan yanki dole a kira su da sunansu: gashi, man zafi, tsagar wanzami, ƙaho, da ɗaure hannu tamau. Ƙa'idar bibiya ita ce a ga wurin kullum ko bayan kwana biyu a makon farko, sannan mako-mako har ya warke, kuma ga wanda gidansa ke da nisa, hoton da ɗanta zai turo ta WhatsApp kowace safiya da ya cike wani ɓangare na wannan giɓi.

Da ta dawo, fatar da ke cikin zanen biron ta yi duhu ta yi tauri, ga bororo biyu a tsakiya, ga zogin da ke hana ta barci, yatsunta kuma ba sa lanƙwasuwa sai da ƙyar. Ƙa'idojin da aka ambata sun ce idan nama ya mutu, ko zafi ya wuce kwana goma bai lafa ba, a nemi likitan tiyata. Sai dai a nan an ci karo da wata matsala. Doksorubisin yana kai fararen ƙwayoyin jini ƙasa ne tsakanin rana ta 10 zuwa ta 14 bayan ɗurawa, kuma gwajin jininta ya nuna haka. Yanka a wannan hali yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta a lokacin da jiki ba shi da masu tsaro. Aka kwantar da ita, ana wanke wurin da ruwan gishiri ana rufewa da abin da ba ya mannewa, ana auna zafin jikinta sau da yawa a rana da shirin fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya nan take idan zazzaɓi ya taso. An ƙara mata maganin zafi mai ƙarfi, masu gashin ƙashi kuma suka fara motsa yatsun a hankali tun a lokacin, domin hannu yana saurin sandarewa idan aka bar shi.

A mako na uku tsakiyar wurin ya zama baƙin ɓawo mai faɗin santimita 3, gefensa ya buɗe. Jininta ya farfaɗo, aka shiga da ita ɗakin tiyata a farkon mako na huɗu. Manufar yankan ita ce a fitar da duk naman da maganin ke ciki har a kai ga nama mai jini, domin duk abin da aka bari zai ci gaba da sakin maganin ya kuma kashe fatar da za a dasa. Ramin da aka bari ya fi abin da ido ke gani daga waje girma nesa ba kusa ba. Ba a rufe shi a ranar ba, kuma hikimar hakan ta bayyana bayan kwana biyar, lokacin da gefe ɗaya ya sake yin duhu aka koma aka ƙara yankewa. Abin da ya taimaki matar shi ne siririn mayafin da ke lulluɓe jijiyoyin yatsu ya tsira. Fatar da aka yanko siririya tana kamawa a kan wannan mayafi, amma ba ta kamawa a kan jijiya tsirara, wadda sai an juyo mata nama mai hanyar jininsa daga wani wuri, aikin da ya fi girma da tsada. Da jan nama ya tsiro, aka yanko fata daga cinyarta aka dasa, aka tallafe wuyan hannun da abin ɗauri don kada motsi ya ɗaga dashen. Kusan dukkansa ya kama, ɗan gefen da ya rage ya cike da wanki.

Kemo ya tsaya mako bakwai fiye da yadda aka tsara, kuma wannan ita ce asarar da ba a gani a hannu, domin kemon bayan tiyata yana aiki ne idan aka bi lokacinsa. Likitocin daji suka yanke shawarar barin zagaye na huɗu na doksorubisin su wuce zuwa wani maganin kemo, faklitaksel, wanda dama shi ne mataki na gaba. Cikin dalilansu akwai abin da aka sani cewa tsohon wurin zuba yana iya sake tashi idan aka sake ɗura maganin, ko da ta wata jijiya ce daban. Tun da hannun dama ba ya karɓar allura, na hagu kuma yana ɗauke da dashe, aka dasa mata 'yar na'urar nan da ake binnewa ƙarƙashin fatar ƙirji mai bututu zuwa babbar jijiya. Iyalin sun sayar da dabbobi kafin su haɗa kuɗin. Na'urar tana rage haɗarin zuba sosai amma ba ta kawar da shi, domin allurarta na iya gocewa maganin ya zuba a ƙirji, saboda haka duba dawowar jini da tambayar maras lafiya suna nan daram. Ga mace mai hannu ɗaya da za a iya hudawa, wadda kuma aka tsara wa zagaye da yawa na magani mai kashe nama, maganar wannan na'ura ta kamata a yi ta tun kafin zagayen farko, a bar iyali su auna kuɗinta da idonsu a buɗe.

A dubawar da aka yi mata wata uku bayan dashen, fatar ta warke ba tare da ta sake buɗewa ba, launinta ya bambanta da na kewaye, an kuma umarce ta ta riƙa shafa mata man kaɗe tana kare ta daga rana. Tana iya riƙe kofi da yin alwala da kanta, amma ba ta iya dunƙule hannun gaba ɗaya, wuyan hannun kuma yana lanƙwasuwa kusan rabin yadda na dama ke yi, don haka daka da ɗaukar bokitin ruwa sun gagare ta. Hannun dama ya fara ɗan kumburi saboda aikin da ya koma kansa, aka haɗa shi cikin gashin ƙashin da take zuwa duk lokacin da ta shigo gari karɓar magani. An rubuta a bangon fayil ɗinta cewa doksorubisin ya taɓa zuba mata a bayan hannun hagu kuma kada a sake huda wannan wuri, sannan aka tura ta sashen jinyar haske, inda ake ƙona ƙwayoyin daji da haske, don duba ƙirjin da aka yi wa tiyata bayan ta kammala faklitaksel.